YADDA ZA KA FARFAƊO DA ITACEN LEMU DA SANYI KO WUTA YA ƘONA



Ni malamin gona ne na aikin auduga a ƙasar Korogo. Kwanan baya na gangaro Abijan na sauka wurin dangi a Tireshbil, kullum da safe ina zuwa Ajame wurin masu sayar da kayan marmari. Da suka ji irin aikina sai tambayoyi suka yi ta zuwa, kuma tambayar lemu ta fi ta auduga yawa. Wani dattijo ya ce ƙanensa ya aiko daga duwatsun Azbin cewa sanyi ya ƙone musu lambu cikin dare ɗaya. Wani ya ce yana da itatuwa 12 a gefen gonar audugarsa can arewa, yara suka cinna wa karan auduga wuta, iska ta kai ta cikin lemu. Wata uwa kuma ta kai ni tsakar gidansu ta nuna mini lemun tsaminta, ya zubar da ganye tun da hunturu ya leƙo. Su ukun tambayarsu ɗaya ce: a sare ko a bari?

Amsar ita ce wannan takarda. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, mai zuwa gida kuma ya tafi da ita.

ABUBUWA UKU DA KE ƘONA LEMU

Na farko shi ne sanyin da ke daskarar da ruwa. Cikin ganye da ɓawo da 'ya'yan itace akwai ruwa. In ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da sifiri da digiri 2 ko 3, ya kuwa daɗe a nan sa'o'i kaɗan, ruwan nan sai ya zama ƙanƙara, ya fasa naman ganyen daga ciki. Da rana ta fito sai ka ga ganye ya yi laushi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, bayan kwana biyu ya bushe. Wannan irin sanyi babu shi a Abijan, inda da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20. Babu shi a Korogo, ko Kano, ko Maraɗi. Amma akwai shi a kan duwatsun Azbin, arewa da Agadas, wajen Bagzan da Timiya inda ake lambunan lemu, cikin Disamba da Janairu. Akwai shi kuma a Maroko, ƙasar da ke aiko mana jan lemun nan da kake gani a kasuwa. Lemun tsami ya fi kowane jin sanyi, lemun zaƙi ya fi shi jimiri, tanjarin kuwa ya fi su duka.

Na biyu shi ne hunturu. Iskarsa tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Takan tsotse ruwan ganye da sauri fiye da yadda saiwa ke iya aiko da wani. Ganye ya nannaɗe ya zube, fure da ƙananan 'ya'ya su bi shi, kan rassa ya bushe. Mutane sukan ce sanyi ne ya kashe shi, amma ƙishirwa ce.

Na uku shi ne wuta, ta daji ko ta karan auduga. Ita ta fi yi mana ɓarna a ƙasashen auduga, Korogo da Bunjali da Ferke da Mankono, domin lokacin da ake gama cirar auduga shi ne lokacin da ciyawa ta bushe kuma iska ke da ƙarfi.

Ciwon uku ne, amma jinyar kusan ɗaya ce. Don haka na haɗa su wuri guda.

DOKA TA FARKO: AJIYE ADDA

In ka wayi gari ka tarar da itacenka ya ƙone, zuciya za ta ce maka ka ɗauko adda ka sassare busassun rassa. Kada ka bi ta. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Ga dalilai uku. Da fari, a makon farko babu mai iya sanin inda mutuwa ta tsaya. Reshen da ka ɗauka matacce yana iya yin toho bayan wata biyu, wanda ka ga kamar lafiyayye kuma yana iya ci gaba da bushewa. In ka sare yau, ko dai ka yar da mai rai, ko ka sake aikin sau biyu. Na biyu, busasshen ganyen nan da ke maƙale inuwa ce ga ɓawon da ya rage. In ka kawar da shi rana za ta gasa ɓawon ya tsage. Na uku, sara yana zuga itace ya yi sabon toho, toho kuwa jariri ne, ba ya jure komai. In ya fito alhali hunturu bai wuce ba, sai ya mutu, itacen ya yi hasarar ɗan ƙarfin da ya ajiye.

Manoman Fulorida ta ƙasar Amurka sun ga wannan da idonsu. A ƙarshen Disamba na 1894 sanyi ya sauko ya kakkaɓe wa lemunsu ganye. Sai Janairu ya zo da ɗumi, itatuwa suka cika da ruwa suka yi sabon toho. A farkon Fabrairu na 1895 sanyin ya komo, ya tarar da su ɗanye shar, ya farfasa ɓawonsu, ya kashe da yawa har ƙasa. Ƙasar da ke fitar da akwatin lemu sama da miliyan 5 a shekara ta koma ba ta kai dubu 200 ba. Sanyi na farko ganye ya ci. Na biyu, da ya sami itace yana toho, shi ya ci gindi.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure ina ɗan shekara 17. Wuta ta lashi itatuwa biyu na mahaifina. Na ɗauki adda na datse ɗaya daidai ƙirjina, ina ganin gwaninta na yi. Ɗayan ban kai gare shi ba aka kira ni wani aiki. Wanda na bari ya yi toho da ruwan fari, a shekara ta biyu muka sha lemunsa. Wanda na datse rana ta ƙone masa kututture, ya tsiro daga can ƙasa, bayan shekara 3 ya ba mu 'ya'ya masu tsami da ko akuya ba ta ci. Har yau in na wuce wurin tsoho yakan dube ni ya yi murmushi.

YADDA ZA KA GANE MAI RAI DA MATACCE

Kana jira kana lura. Ga alamomi:

1. Ganye. In ya bushe ya zube da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, ka gode Allah, reshen yana da rai, shi ne ya saki ganyen. In ya bushe ya maƙale, iska ta kaɗa ya ƙi faɗuwa, yawanci wannan reshe ya mutu.

2. Ɓawo. Sa farce ko bakin wuƙa ka ɗan kankare ɓawon reshe, wuri kamar ƙwayar gero biyu. In ka ga kore mai danshi a ƙarƙashi, da rai. In ka ga ruwan ƙasa a bushe, ya mutu. Fara daga kan reshe ka riƙa gangarowa har ka sami kore. Kada ka yi ta kankarar gindi kullum, sau ɗaya a wata ya isa.

3. Gindi. Zagaya shi ka duba da kyau, musamman in wuta ce. Abincin da ganye ke yi ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka ga saiwa. In ɓawon gindi ya mutu ya kewaye kamar zobe, hanyar ta yanke, saman itacen zai mutu ko da ganyensa ya yi makonni yana kore. In kuwa da sauran ɓawo mai rai a gefe ɗaya, daga ƙasa har sama, ko da faɗin yatsa uku ne, to, akwai fata.

AIKIN MAKONNIN FARKO

Jira ba zaman banza ba ne. Akwai aiki huɗu.

Shafa farar ƙasa. Itacen da ya rasa ganye kamar mutum ne da aka yi wa aski ƙwal aka tsayar a rana. Dama farar ƙasa irin ta shafen ɗaki, ka shafe gindi da manyan rassa, ka fi ba da ƙarfi ga gefen da rana ke duka da yamma. In farin fenti na ruwa gare ka, haɗa shi da ruwa rabi da rabi. Kada ka sa fentin mai, kada ka sa baƙin man mota, suna ƙona ɓawo.

Cire 'ya'ya. Lemun da ƙanƙara ta shiga yakan yi kyau a ido, amma cikinsa zai bushe ya zama kamar soso. Cire shi da wuri, a sha ko a matse cikin 'yan kwanaki. Kada ka ɗora shi a mota zuwa kasuwa mai nisa, za ka ɓata sunanka wurin abokin ciniki. In itacen ya rasa fiye da rabin ganyensa, cire dukan 'ya'yan da suka rage ko da lafiyayyu ne. Majinyaciya ba ta goyo.

Rage ruwa, amma kada ka yanke. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Don tausayi sai su yi ta kwarara ruwa safe da yamma. Ganye shi ne bakin da itace ke shan ruwa da shi. In babu ganye ruwan zai kwanta a ƙasa, saiwa ta ruɓe. Tona ƙasa zurfin tafin hannu ka dunƙula. In ta dunƙulu, bari sai wani lokaci. In ta wargaje, ba shi ruwa sosai ya ratsa ƙasa, sa'an nan ka ƙyale shi kamar mako guda. Wanda hunturu kaɗai ya taɓa, da sauran ganye a kansa, shi ya fi bukatar ruwa, kada a bar ƙasarsa ta bushe ƙarau.

Yi wa gindi kariya daga ruwa. Ja ƙasa ka yi ɗan kunya kewaye da gindi, nisan taƙi biyu, ka yi wata babba daidai inda inuwar rassa take ƙarewa. Tsakanin kunyoyin nan biyu za ka riƙa zuba ruwa. Akwai wani ciwo da ke kama gindin lemu in ya daɗe a jiƙe: ɓawo ya yi baƙi, ƙaro ya riƙa tsatsowa, a hankali itacen ya mutu. Ciwon nan ya fi yawa a ƙasa mai laima irin Abijan. Uwata ta Tireshbil, da ke da sauran masu lemu a tsakar gida, ku hana yara zubar da ruwan wanki da na wanke-wanke a gindinsa. Sabulu da gishiri da ke ciki suna ƙara masa ciwo.

Taki kuwa, kada ka sa ko kaɗan yanzu. Lokacinsa yana zuwa.

RANAR SARA

Jira wata 3 zuwa 6, gwargwadon ɓarnar. Alamar ita ce sabon toho ya fito, ya yi tsawo, ganyensa ya bar launin fari-fari ya koma kore sosai ya yi ƙwari. A ƙasar Korogo, inda damina ke kamawa wajen Mayu, wannan yakan kai ka Yuni ko Yuli. A Abijan toho yakan fito da ruwan Maris da Afrilu, amma Yuni ruwa ya yi yawa, gara ka bari sai ɗan ranin nan na Agusta. A Azbin a jira sanyi ya wuce sarai, zafi ya kama. Ko ina kake, zaɓi ranar da gari ya waye da rana, ba ranar ruwa ba.

A lokacin itacen da kansa ya riga ya ja maka layi: nan kore, nan busasshe. Ga yadda za ka yi:

1. Nemi zarto da almakashin itace masu kaifi. Adda tana tsaga reshe ta bar rauni mai wuyar warkewa. In ita kaɗai gare ka, wasa ta sosai, ka sara daga ƙasa zuwa sama.

2. Yanka cikin mai rai, kamar faɗin yatsa biyu ƙasa da inda bushewa ta tsaya, dab da saman wani toho mai ƙarfi da ke fuskantar waje. Kada ka bar guntun busasshen itace, gara da ruɓa ta nan suke shiga.

3. Karkata yankan kaɗan don kada ruwan sama ya kwanta a kai.

4. Babban reshe, fara yi masa ɗan yanka ta ƙasa kafin ka yanko ta sama, don kada nauyinsa ya ɓare ɓawo in zai faɗi.

5. Kafin ka wuce daga wannan itace zuwa wancan, tsoma ƙarfenka cikin ruwan jabel, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa. Da yamma ka wanke shi ka shafa mai don tsatsa.

6. Babban rauni, a ƙasa mai laima, shafa masa maganin nan mai jan ƙarfe da manoman koko ke fesa wa kokonsu, a dama shi da kauri. Ƙaramin rauni zai warke da kansa.

7. Kwashe abin da ka sare ka fitar daga lambu. Ya yi makamashi a murhu.

In toho ya fito cunkus wuri ɗaya, kada ka rage shi duka rana guda, itacen yana bukatar kowane ganye. Bayan wata biyu ko uku ka zaɓi guda 3 ko 4 masu ƙarfi da suka fuskanci kusurwa daban-daban, su ne za su zama manyan rassan gobe. Sauran ka riƙa ragewa sannu sannu.

DUBA WURIN AURE

Wannan shi ne abin da ban sani ba ranar da na datse itacen mahaifina. Yawancin lemun zaƙi da tanjarin da ake saye wurin masu renon dashe, masu aure ne, abin da masu jin Faransanci ke ce wa girefe. Watau itace biyu ne aka haɗa. Na ƙasa an zaɓe shi don ƙarfin saiwa, 'ya'yansa ba su shayuwa. Na sama shi ne mai daɗi. In ka duba gindi, taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, za ka ga ɗan kumburi ko lanƙwasa. Nan ne wurin auren.

Duk tohon da ya fito sama da wurin nan, naka ne, ka rene shi. Wanda ya fito ƙasa da shi ko daga cikin ƙasa, ɓarawo ne. Yakan fi saurin girma, yakan fi ƙaya, wani ma ganyensa uku-uku ne a kan sanda ɗaya. Murje shi da yatsa tun yana ƙarami, ka riƙa dubawa duk mako biyu. In ka bar shi zai shanye abincin ya danne na kirki.

To, in saman ya mutu duka, sai na ƙasa kaɗai ya tsiro fa? Kada ka tumɓuke tukuna. Saiwar da ta shekara 8 ko 10 a ƙasa dukiya ce. Bar toho biyu masu ƙarfi su girma. In sun kai kaurin fensir, cikin damina sa'ad da ɓawo ke saɓulewa da sauƙi, a ɗebo ido daga itace lafiyayye mai daɗin 'ya'ya a sake musu aure, santimita 30 daga ƙasa. A ɗaure da leda, a kwance bayan mako 3. In idon yana kore, ya kama. In ba ka iya ba, kira malamin gona ko mai renon dashe, ka tsaya kusa da shi ka koya. Irin wannan yakan riga sabon dashe yin 'ya'ya.

Lemun da aka shuka daga ƙwaya, kamar yawancin lemun tsamin tsakar gida, ba shi da wannan damuwa. Ko daga ƙasa ya tsiro, irin 'ya'yansa na da zai ba ka.

TAKI DA ƘWARI

In toho ya yi ƙwari kuma ruwa ya zauna, sai a fara ciyarwa. Ka'idar ita ce, taki gwargwadon ganye. Wanda ya rasa rabin kansa, rabin abin da ya saba samu za a ba shi. Mai tashi daga ciwo da kunu ake fara masa, ba da tuwo ba.

Takin gida da ya ruɓe sosai ya fi komai, kwando ɗaya ko biyu ga babban itace. Baza shi tsakanin kunyoyin nan biyu, kada ya taɓa gindi. In za ka ƙara da takin zamani, ƙaramin gwangwanin tumatir 2 ga babban itace, 1 ga wanda aka datse, sau 3 cikin damina, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ka tsaya da sa shi wata biyu kafin hunturu, don kada iska ta tarar da ɗanyen toho. Takin da aka ba ka bashi don auduga kuwa, na auduga ne. In ka karkatar da shi, ranar awo za ka ji a jikinka.

Sabon ganye yana kiran baƙi. Akwai darɓa da ke taruwa a kan toho ta nannaɗe shi. Akwai wata 'yar tsutsa da ke shiga cikin ganye ta yi zane fari mai lanƙwasa kamar sawun maciji. Akwai tsutsar malam-buɗe-littafi, tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, in ta girma ta zama koriya, guda kaɗan sun isa su cinye ganyen ƙaramin itace. Ita wannan da hannu ake tsince ta da sassafe. Sauran kuwa, daka 'ya'yan dogon yaro giram 500, jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, tace, ka fesa da yamma, duk mako ɗaya har ganye ya yi ƙwari. Jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida, in kana da su ka bar su. Suna cizo, amma suna cin ƙwari.

Ina roƙonka da babbar murya, kada ka fesa maganin auduga a kan lemu. Auduga ba a cinta, lemu kuwa yaro yakan tsinka ya kai baki, mai saye a Ajame kuma bai san abin da ka fesa ba. Maganin yana kuma kashe ƙudan zuma da ke zuwa wa fure.

YAUSHE ZAI SAKE 'YA'YA?

Ya danganta ga inda ɓarnar ta tsaya.

In ganye kaɗai ya zube, ka yi hasarar kaka ɗaya, shekara mai zuwa zai ba ka.

In ƙananan rassa sun mutu, shekara 1 zuwa 2.

In manyan rassa ne, shekara 2 zuwa 3, kuma zai fara da kaɗan.

In sai da aka sake aure daga gindi, ka sa ran shekara 3 ko fiye.

In damina guda ta wuce cur bai yi toho ko ɗaya ba, ko kuwa gindin ya ruɓe yana zubar da ƙaro ta ko'ina, haƙura. Tumɓuke shi da saiwarsa, ka dasa sabo a ɗan nesa da ramin.

Wani lokaci itacen da ya sha wuya yakan ɓarke da fure da yawa tun bai yi ganyen kirki ba. Kada ka yi murna tukuna. Zubar da yawancin ƙananan 'ya'yan a shekarar farko, ka bar 'yan kaɗan na ɗanɗano. Abin da ka bari bana za ka same shi ninki baɗi.

In ya warke sarai, ga abin da ke sa shi fure a ƙasashenmu masu zafi: ya ɗan ji ƙishi na wasu makonni, sa'an nan ya sami ruwa mai yawa. Bayan mako 3 ko 4 sai ka ga fure. Shi ya sa lemu ke fure bayan ruwan fari. Daga fure zuwa nuna, lemun tsami wata 5 ko 6 ne, lemun zaƙi wata 7 zuwa 9. Amma kada ka gwada wa majinyaci wannan horo, sai wanda ya cika da ganye. Kuma kada ka jira lemunka ya yi ja irin na Maroko. Sanyin dare ne ke ba ɓawo wannan launi. Namu na nan yakan nuna yana kore, a baki ake gane shi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kai mai lambu a ƙasar auduga: tun Nuwamba, kafin ciyawa ta bushe, share fili mai faɗin mita 4 ko 5 kewaye da itatuwanka. Karan auduga, in za a ƙone shi, a tara shi tsakiyar gona nesa da lemu, a cinna da sassafe ko da yamma sa'ad da iska ta kwanta, babba yana tsaye har ta mutu. Ba aikin yara ba ne. Dasa jerin dogon yaro ko kanju ta arewa maso gabas su tare iska, amma da ɗan nisa don kada saiwarsu ta yi wa lemu kishiya. Ƙananan dashe a kafa musu zana. Rufe ƙasan itace da busasshiyar ciyawa don ta riƙe danshi, ka bar taƙi guda tsakaninta da gindi saboda gara. Amma sai ka share filin wuta tukuna, in ba haka ba ka tara wa itacenka makamashi ne.

Kai mai dangi a Azbin, ka aika musu da wannan: daren da sama ta yi garau, taurari suka fito, iska ta kwanta, shi ne daren tsoro. Sanyi kamar ruwa yake, yana gangarawa ya taru a kwari, don haka kada a dasa lemun tsami a wuri mafi zurfi na lambu. A ba ƙasa ruwa da rana kafin irin wannan dare, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi riƙe zafin rana. A can, cikin watannin sanyi, a janye ciyawa daga ƙarƙashin itace, ƙasa ta sha rana. Ƙananan itatuwa a lulluɓe su da tabarma ko buhu har ƙasa da magariba, a buɗe da hantsi. A tara busasshiyar ƙasa a gindinsu har ta rufe wurin aure, a janye ta da zarar sanyi ya wuce. Ko saman ya ƙone, in wurin aure ya tsira, itacen ya tsira. Wannan dabara ta ƙasa mai sanyi ce kaɗai. Kai na Abijan kada ka binne gindin lemunka, ruɓewa zai yi.

ABIN TUNAWA

Kada ka sare sai toho ya nuna maka iyaka.
Shafa farar ƙasa, cire 'ya'ya, rage ruwa.
Kada ruwa ya kwanta a gindi.
Murje duk tohon da ke ƙasa da wurin aure.
Taki kaɗan kaɗan, bayan ganye ya yi ƙwari.
Maganin auduga na auduga ne.

Itacen lemu yakan shekara 4 ko 5 kafin ya fara biyan mai shi, adda kuwa cikin minti 5 take gamawa da shi. Wata 6 na haƙuri ba su kai shekara 5 na sabon dashe tsada ba. In akwai abin da ya shige maka duhu, tambayi malamin gonar da ke zuwa ƙauyenku, aikinsa ke nan.

Allah ya tsare mana dukiyarmu daga wuta da iska, ya ba mu damina mai albarka. Amin.